Yadda muka sauke tsohon siton kakanmu a birnin Zariya

A bayan gidanmu na gado, can cikin birni ta wajen Ƙofar Gayan, akwai wani tsohon sito na ƙasa da kakanmu ya gina a shekarun 1960, lokacin da auduga ke da daraja a ƙasar Zazzau. A ciki yake tara audugar da ya sayo daga ƙauyuka kafin a kai ta wurin gurza. Da kasuwar auduga ta ja baya sai siton ya koma wurin ajiyar dawa da masara, daga baya mahaifinmu ya jingina masa rumfa a gefe ɗaya don tumaki da saniya guda. Tsawonsa ya kai ƙafa 40, faɗinsa 18, rufin soro ne a kan azara, da ginshiƙai biyu a tsakiya. Kaurin bangon daga ƙasa ya kusa ƙafa uku. Shekara goma sha ke nan ba a ajiye komai a ciki ba sai tarkace, amma yara na shiga wasan ɓuya, mata kuma na shanya a inuwarsa. Na rubuta wannan ne domin na sha wahalar da bai kamata in sha ba wajen sauke shi, kuma na san gidaje da yawa a Kwarbai da Babban Dodo da sauran unguwannin birni suna da irin wannan gini suna ta tunanin yadda za su yi da shi.

Damina ta 2023 ce ta tayar da maganar. Indararo ɗaya ya toshe ba wanda ya lura, ruwa ya kwanta a kan soron, bangon gabas ya tsage daga sama har kusan tsakiya, hannun babba na shiga. Muna cikin cewa a bari sai rani a yi yaɓe, sai ga abin da ya faru ranar Juma'a 11 ga Agusta, da wani sashe na babban masallacin Juma'a na birni ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Masallacin da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina tun shekarun 1830, wanda kowa ke alfahari da shi. Daren nan mahaifiyarmu ba ta yi barci ba. Da asuba ta kira ni ta ce, "Ko dai a gyara siton nan ko a sauke shi, ni ba zan zauna ina jiran ranar da za a tono mini jika daga ƙarƙashinsa ba." Washegari muka sa kwaɗo a ƙofar, muka kewaye shi da ƙaya. Wani magini da ya duba ya ce gara ta cinye bakin azarorin gefen gabas, gyaran zai ci kuɗin da ya kusa na sabon ɗaki. Aka tsaya a kan rushewa, amma sai ruwa ya ɗauke.

Ni a zatona abu na farko shi ne neman masu aiki. Ashe na farko shi ne 'yan gida. Siton yana cikin kason da ba a raba ba lokacin rabon gadon kakanmu, an bar shi na kowa. Saboda haka baffanmu da ke Kano yana da haƙƙi, goggonninmu biyu suna da shi, mu 'ya'yan marigayi muna da kason mahaifinmu. Baffa ya amince ta waya ba wata gardama. Goggo ƙarama da ke aure a Soba ita ma ta ce duk abin da aka ga ya dace. Goggo babba, wadda ke zaune a gidan, ita ce ta ce a'a. Ba don kuɗi ba. Ta ce tana yarinya ita ke kai wa magina kunu lokacin da ake ginin, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya rage a gidan wanda hannun babanta ya taɓa. Na yi kusan wata biyu ina zuwa ɗakinta bayan la'asar, ba kullum nake tayar da maganar ba. Ranar da ta yarda, ni na riƙe hannunta na kai ta ta ga tsagar da idonta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "To ɗan nan, a sauke shi a hankali, kada a yi masa wulaƙanci." A lokacin na ɗauki maganar a matsayin ta tsohuwa mai kewar ubanta. Daga baya na gane ita ce shawarar aiki mafi kyau da aka ba ni. Muka rubuta takardar amincewa, kowane magaji ya sa hannu, Goggo ta dangwala yatsa, aka aika wa Baffa ta mota ya sa nasa ya dawo da ita.

Daga nan sai wajen mai unguwa. Na same shi a zaurensa bayan sallar asuba, na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo sanar da kai za mu rushe siton bayan gida." Tambayar farko da ya yi mini ita ce bangon arewa na wa ne. Na ce namu ne mana. Ya ce in je in sake dubawa. Gaskiyarsa: maƙwabcinmu na arewa, shekaru da yawa da suka wuce, ya jingina katangar makewayinsa da ɗakin girkinsa a jikin bangon siton, da izinin kakanmu, ba rubutu. Wato in muka sauke bangon gaba ɗaya, gidansa zai zama a buɗe, matansa a fili. Mai unguwa ya kira shi, muka zauna mu uku. Aka yi matsaya cewa bangon arewa za a rage masa tsawo ne kawai a bar ƙafa bakwai, a yi masa sabon yaɓe, ya zama katanga tsakaninmu. Mai unguwa ya sa aka rubuta, ya buga hatiminsa. Wannan takarda ta yi mini rana daga baya.

Maganar hukuma ta ɗauke ni makonni uku, kuma yawancin jinkirin daga gare ni ne. Mutane da yawa sun ce mini ginin ƙasa a cikin lungu ba ya buƙatar sanar da kowa. Amma niyyarmu ita ce mu yi ɗakuna biyu na bulo a wurin nan gaba, kuma ban so ranar da muka fara gini a tambaye mu abin da ke wurin a da mu rasa amsa. Na je ofishin hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, da ke nan Zariya. Zuwan farko hannu rabbana na je, sai aka faɗa mini abin da zan kawo: wasiƙar neman izini mai bayyana abin da za a rushe da dalili, shaidar mallakar wurin, hotunan ginin ta kowace fuska, da ɗan zanen da ke nuna inda yake da gidajen da ke kewaye. Gidanmu, kamar yawancin gidajen cikin birni, ba shi da takardar mallaka ta gwamnati irin wadda hukumar filaye ta jiha, KADGIS, ke bayarwa. Abin da muke da shi shi ne takardar rabon gado ta kotun shari'a, ita ma tana cikin akwatin Baffa a Kano. Sai da na jira mako guda ta iso, na haɗa da takardar amincewar magada da ta mai unguwa. Zuwa na biyu na manta da zanen, wani ɗalibin zanen gine-gine daga Samaru ya zo ya auna ya yi mini. A na uku aka karɓa, aka rubuta mini abin da zan biya, na biya ta banki na kawo shaida, domin a jihar Kaduna an hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu. Wani jami'i ya biyo ni ya ga wurin. Ya tambayi nisanmu da ganuwa, don ita tana cikin kayan tarihin da doka ta kare, ya ga muna nesa da ita. Ya tsaya sosai a kan bangon arewa, na nuna masa takardar mai unguwa, ya karanta ya gyaɗa kai. Hotuna, zane, kwafe-kwafe, kuɗin mota da abin da na biya a banki, duka sun tashi kusan naira 40,000.

Akwai kuma wayar lantarki. Wayar da ke kai wuta gidan maƙwabcinmu na yamma an ɗaure ta ne a jikin wani ƙarfe da aka kafa a saman siton. Na je ofishin kamfanin wuta na yankinmu, suka turo wanda ya cire ta daga kan turke, wani mai gyaran wuta ya sake mata hanya ta bayan gida. Waya da aiki, naira 12,000. Kada wani ya ce ai ba wuta yanzu, a taɓa kawai. Wuta na iya dawowa hannun lebura na kan waya.

Sai a farkon Janairun 2024 na fara neman masu aikin, ina son a gama kafin azumi ya kama a watan Maris. Mutum uku suka zo suka gani. Na farko ɗan kwangila ne mai katafila, ya ce yini ɗaya zai gama, naira 850,000 har da motar ɗauko injin. Da muka taka lungun tare ya ga ko ƙaramar mota ba ta shiga, shi da kansa ya ce aikin ba nasa ba ne. Na biyu matashi ne da wani abokin aikina ya haɗa mu, yana da yara takwas, ya ce yana yawan rushe-rushe a Sabon Gari da Tudun Wada. Ya zagaya siton sau ɗaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin daga ciki, ya ce jinga naira 250,000, kwana huɗu. Na uku dattijon magini ne daga cikin birni, wanda ya gaji sana'ar. Ya yi kusan awa guda yana ƙwanƙwasa bango da sanda, ya hau soron, ya leƙa gidan maƙwabci, sannan ya ce naira 450,000, kuma ba zai yi alkawarin ƙasa da mako biyu ba. Abin da 'yan gida suka tara duka naira 400,000 ne. Na ɗauki na biyu. Na ba shi naira 100,000 kafin alƙalami, a tsaye a ƙofar gida, ba takarda, ba shaida sai ƙanena.

Ranar farko na tsaya da su har azahar, suna fitar da tarkace da ƙyauren ƙofa, komai lafiya, na tafi wurin aiki. Rana ta biyu wajen ƙarfe sha ɗaya ƙanena ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce in zo yanzu. Abin da na tarar har yau in na tuna gabana na faɗuwa. Sun fasa soron ta gefen yamma sun zare azarori kusan talatin, sun jera su a bakin lungu, ga amalanke an kira. Sauran yaran kuma suna durƙushe a gindin bangon gabas da diga, suna tone shi daga ƙasa, wai in ya yi siriri sai su ɗaura igiya su ja ya faɗi gaba ɗaya. Bango mai tsaga, da sauran rufi a kansa, mutum huɗu a ƙarƙashi. Girgizar dukan ta riga ta bi ta bangon arewa, katangar ɗakin girkin maƙwabcinmu ta tsage, matarsa ta fito da yara tsakar gida tana salati. Na ce kowa ya ajiye diga ya fito. Da na tambayi mai jingar ina za a kai azara, sai ya ce, "Haba Alhaji, ai kowa ya sani kayan da suka fito na mai rushewa ne, in ba don azarar nan ba wa zai yi maka aikin nan a kuɗin nan?" Na ce to ƙasar fa, ina za ku kai ta? Ya ce jingarsa ta rushewa ce, kwasa wani ciniki ne daban.

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, amma da na huce na ga cewa a kan azara da ƙasa bai yi mini ƙarya ba. Ban tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba. A tsakanin masu wannan sana'a akwai ciniki iri biyu: ko a biya ka kuɗi kaɗan kayan su zama naka, ko a biya ka cikakke kayan su zauna wa mai gida. Ni ban san da haka ba. Abin da ban yafe ba shi ne tonon gindin bango, don wannan wasa ne da ran 'ya'yan mutane. Da yamma muka je gaban mai unguwa. Ya saurari kowa, ya ce azara ta koma cikin gida tunda ba a ambace ta a ciniki ba kuma dukiyar magada ce, a lissafa wa yara ladan kwana biyu, a maido da saura. Aka dawo mini da naira 55,000, ita ma sai bayan kwana tara. Tsagar katangar maƙwabci kuma a wuyanmu, wannan ban yi musu ba.

Washegari na je gidan dattijon nan na gaishe shi, na ce, "Baba, na dawo." Bai ce mini komai a kan abin da ya wuce ba. Ya zo ya ga ɓarnar, ya sa aka kawo itatuwa aka tokare bangon da aka tone da sauran rufin kafin a yi wata magana. Wannan karon a zauren mai unguwa muka yi ciniki, da shaidu biyu, aka rubuta. Jinga naira 420,000, kashi uku: kashi ɗaya a farko, ɗaya in rufi ya sauka, ɗaya in an gama an share. Azara, ƙyaure, kwano da duk wani ƙarfe namu ne. Aikinsa ya tsaya a sauke gini da tara ƙasa a cikin filin, fitar da ita zuwa titi da tifa namu ne. Bangon arewa a bar ƙafa bakwai. Kayan aiki nasa, ruwa da abincin rana namu. In wani ya ji rauni, kuɗin magani mu raba biyu. Ya so a cire wannan na ƙarshe, yana cewa Allah zai kiyaye, mai unguwa ya ce Allah zai kiyaye amma a bar shi a rubuce.

Kafin a taɓa siton sai da aka fara da rumfar dabbobi, kuma a nan na koyi abin da ban sani ba. Rabin rufinta kwano ne, rabi kuma irin farin rufin nan ne mai kama da siminti da aka yi yayi a da, wato asbesto. Wani ɗan'uwanmu ma'aikacin lafiya ne ya hango shi ya ce kada a kuskura a fasa. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon huhu har da kansa, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Aka jiƙa shi sharkaf, aka kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, aka sauke kowane falle a cikakkensa, masu aikin da takunkumi a hanci. Leburori biyu suka roƙa a ba su su rufa akurkin kaji, na hana, na yi musu bayani. Muka naɗe su a leda mai kauri, wani ma'aikacin duba-gari ya nuna mana inda za a binne. Akwai kuma ƙudan zuma da suka yi gida a wani rami a saman bangon kudu, aka kira mai ɗiban zuma ya zo da dare da hayaƙi, naira 5,000. Baba ya sa aka turara hayaƙi a cikin siton yini guda saboda jemagu da abin da ke cikin ramuka, ya kuma hana kowa aiki da silifa. Kunamu kam mun kashe ba adadi, maciji ɗaya aka gani ya bi ta magudana.

Yadda dattijon nan ya sauke ginin abin kallo ne. Ya ce gini yadda aka hau da shi haka ake saukowa da shi, abin da aka sa a ƙarshe shi ake fara cirewa. Suka fara da ƙasar soro, suna farfasa ta kaɗan-kaɗan daga gefe suna zubowa da kwanon sarki, ba a yarda mutum fiye da uku a sama lokaci guda ba. A ƙarƙashinta aka tarar da zana da ta zama gari, sannan azarori a jere. Ya nuna mini dalilin ginshiƙan nan biyu: azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, ba ta ɗaukar nauyin soro in tazarar ta yi yawa, shi ya sa magabata ke raba ɗaki da ginshiƙi ko su yi baka. Don haka ginshiƙi shi ne na ƙarshe a cikin abin da ya shafi rufi, wanda ya fara da shi ya kira rufin kansa. Kowace azara sai an tone bakinta daga bango an zare ta a hankali, mutum biyu su miƙa wa biyu a ƙasa. Shi kuma yana zaune a kan buhu yana ƙwanƙwasa kowacce, mai ƙara a dama, mai amon rami a hagu. Cikin 150 da aka ƙirga har da waɗanda na farko suka zare, 96 suka fita lafiya, bayan shekara kusan sittin. Rufi kaɗai ya ci kwana shida.

Bango kuma daga sama suka bi shi, jeri bayan jeri, suna zagayawa don kada wani gefe ya fi wani tsawo sosai. Tubalan na fita ɗaya-ɗaya da siffarsu, masu faɗin gindi da tsinin kai, wasu har da shatin yatsun wanda ya mulmula su. Lokacin hunturu ne, iska na kwasar ƙura tana kai wa gidajen mutane, saboda haka kullum 'yan ga-ruwa na kawo kura biyu ko uku ana yayyafawa. Wannan ya ci naira 18,000, kuma shi ya sa maƙwabta ba su yi ƙorafi ba. A cikin wata alkuki da aka toshe a bangon kudu aka sami ƙaramar tukunya da kwabbai masu huji na zamanin Turawa, da wani guntun allo da rubutun ya goge. Baba ya dakatar da aiki ya ce a kira Goggo, ita ya miƙa wa da hannu biyu. Ta zauna a kan tubali ta yi kuka, masu aiki suka koma gefe suka ba ta wuri. Da aka zo bangon arewa shi da kansa ya hau, ya ƙi barin yara, ya yi kwana biyu a kansa da ƙaramin gatari. Aikin duka ya ɗauki kwana 16, ba wanda ya ji ciwon da ya wuce ƙujewa.

Ƙasa ita ce ta fi ba ni mamaki. Ginin da kake gani a tsaye, in ya kwanta sai ya zama tsauni. Tifa ba ta shiga lungunmu, sai an tura da baro kusan taku ɗari biyu zuwa bakin titi, masu baro suka ci naira 60,000. Direban tifa na farko ya ce sawu ɗaya naira 16,000 har da masu lodi, ya ƙiyasta sawu ashirin da wani abu. Baba ne ya ce kada in yi gaggawa, tsohuwar ƙasar gini ba shara ba ce. Manoma na son ta a gona don tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, magina na sake jiƙa ta su yi sabon gini, masu cike rami na nema. Muka sa aka faɗa a masallacin unguwa. Wani manomi daga wajen Dakace ya kwashi sawu biyar da kuɗin motarsa, matasan unguwa suka cike zaizayar da ke bakin lungu, Baba ya ware ta yaɓen bangon arewa. Duk da haka sai da na biya sawu 14, naira 224,000. Da na san haka tun farko, da na nemi masu so tun kafin a fara aiki, a riƙa kwasa kai tsaye.

Gyaran katangar maƙwabci ya zo daidai lokacin da siminti ya yi tashin gwauron zabi a watan Fabrairu, buhu ya haura naira 10,000. Ɓangaren bulo na ɗakin girkin da yaɓen ƙasa na bangon arewa suka ci naira 75,000. In aka haɗa da abinci na kusan naira 30,000 da naira 45,000 da ta tafi a cinikin farko, abin da ya fita ya kusa naira 930,000. Mun sayar da azara 66 a kan naira 1,500 kowacce, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ba da naira 38,000 a kan kwano da ƙarfuna, kuɗin suka shiga asusun magada aka rage bashi. Ragowar giɓin ni da Baffa muka cike. Na rubuta komai a littafi da rasit ɗin da aka samu, na aika wa kowane magaji hotonsa ta WhatsApp, don dukiyar gado ko kwabo ne sai an yi bayaninsa.

Wanda zai shiga irin wannan aiki, ina roƙonsa kada ya fara da tambayar nawa ne. Ya fara tambayar mai aikin ta ina zai fara, ya yi shiru ya saurara. In ya ce daga sama, rufi kafin bango, ginshiƙi a ƙarshe, to a ci gaba da magana. In ya ambaci igiya da tone gindi, a sallame shi komai arahar kuɗinsa. Mai rushe ginin bulo da mai sauke ginin ƙasa ba sana'arsu ɗaya ba, kuma a birnin nan har yanzu akwai magina na gado da suka san yadda aka ɗora kowace azara. Sannan a tambayi abu biyun da ni ban tambaya ba: kayan da suka fito na wa ne, kuma wa zai kwashe ƙasa zuwa ina. Farashin da ya yi ƙasa sosai, galibi azararka ce cikon kuɗin. Ba laifi ba ne a yi cinikin haka in magada sun yarda, amma a san an yi shi, a ƙirga azarar tukuna a san darajarta.

Kada kuma a ba da kafin alƙalami a tsaye a ƙofar gida. Zauren mai unguwa na nan, takarda ɗaya da shaidu biyu ba sa cin komai. A ɗauki hoton katangar maƙwabta kafin a fara, don a san tsagar da ke nan da wadda aiki ya jawo. A samu ɗan gida babba da zai tsaya a wurin daga safe har yamma, musamman kwanakin farko. Ni rabin yini na bar wurin aka kusa yin asarar rai. Kuma a yi lissafin cewa kwasar ƙasa da ƙananan abubuwa za su iya cin kwatankwacin kuɗin rushewar kanta, a faɗa wa 'yan gida haka tun kafin su tara kuɗi, don komawa neman ƙari a wurin dangi ya fi neman na farko nauyi.

Abu ɗaya ya rage wanda ba wanda ya hango, har Baba. Siton ne ashe ke tare ruwan da ke gangarowa daga lungun sama yana karkatar da shi. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a watan Mayu ya bi ta wurin da ya zama fili, ya shiga tsakar gidanmu har bakin ɗakin Goggo. Da gari ya waye muka haƙa magudana a gefen bangon arewa, muka jera sauran tubalan da aka ajiye a bakin filin suka zama ɗan tudu. Azara 30 da muka riƙe suna jingine a zaure an ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Goggo ta ce in an tashi sabon ginin, ko ɗaki ɗaya ne a yi masa rufi da su, Baba kuma ya ce in da rai shi zai ɗora.